Ƙwayoyin Cuta Sun Fara Shan Tauri: Ina Makomar Magani A New Bell?

 

A ranar 13 ga Oktoba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto da bai samu irin hayaniyar labaran siyasa ba, alhali ya fi yawancinsu kusanci da ɗakunanmu. Hukumar ta tattara sakamakon gwaje-gwaje daga ƙasashe sama da 100, ta ce a shekarar 2023, cikin kowace cuta shida ta bakteriya da aka tabbatar a ɗakin gwaji, ɗaya ba ta jin maganin da aka saba kashe ta da shi. A Afirka, ɗaya ce cikin biyar. Game da ƙwayoyi biyu masu shiga jini, E. coli da Klebsiella, rahoton ya ce a nahiyarmu sama da kashi 70 cikin ɗari sun daina jin dangin allurar seftiriyazon, wato allurar nan da ake yi wa majinyata safe da yamma a asibitocin Douala.

Tun kafin wannan, a Janairun 2022, mujallar likitoci ta Lancet ta buga ƙiyasin cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'arsa shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara, kuma a lissafin masu binciken Kamaru tana cikin wannan yanki. Saboda haka maganar tamu ce, mu mazauna New Bell da Kongo da Makea da Nkololoun. Ya kamata mu san yadda abin yake faruwa, da abin da masana ke ƙoƙarin yi, da rabon da ya hau kanmu.

Dafi daban, tauri daban

Da farko sai mu raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Bakteriya halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, tana ci tana hayayyafa. Ita ke kawo taifod da kwalara da tarin fuka da mashaƙo da yawancin ciwon mafitsara. Bairos kuwa wani abu ne daban, shi ke kawo mura da ƙyanda da yawancin tari da gudawar yara. Magungunan da ake kira antibayotik, irin su amoksisilin da sifro da Bactrim da kafso mai ja da rawaya, bakteriya kawai suke kashewa. Wanda ya sha su don mura ya yi asarar kuɗinsa, kuma kamar yadda za mu gani, ya yi abin da ya fi asara muni.

Ita bakteriyar tana da siffofi biyu da masana ke aunawa. Ta farko ita ce ƙarfin cutarwarta, mu kira shi dafi. Wata tana fitar da guba, wata tana da ƙugiyoyin da take maƙalewa da su a bangon hanji ko mafitsara, wata tana lulluɓe kanta da kauri mai yauƙi don kada sojojin jini su haɗiye ta, wata tana satar sinadarin ƙarfe daga jinin mutum don ta ƙoshi. Siffa ta biyu ita ce bijire wa magani. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan tauri a filin wasa ya san hoton: ana gurza wuƙa a fata, wuƙar ta ƙi ci. Haka wasu ƙwayoyin suke da magani. Wata tana fitar da sinadarin da ke yanka maganin kafin ya taɓa ta. Wata tana da famfon da ke tofar da shi waje. Wata tana sauya kamannin wurin da maganin ke kamawa, kamar wanda ya canza kwaɗon ƙofa, mabuɗin jiya ya zama banza.

Ta yaya taurin ke yaɗuwa? Ƙwayar E. coli, idan ta samu yanayi mai kyau, tana rabuwa biyu cikin kamar minti 20. A cikin miliyoyin da ke jikin majinyaci, ba a rasa 'yan kaɗan da suka ɗan fi sauran juriya. Idan magani ya zo da cikakken ƙarfinsa, zai share su, jiki ya ƙarasa ragowar. Idan ya zo da rauni, masu rauni ne za su mutu, masu juriya su gaji filin su cika shi da 'ya'yansu. Wani abin mamaki kuma, bakteriya suna miƙa wa juna wannan sirri ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta hanyar wasu ƙananan zobba na ƙwayoyin gado, kamar yadda ake ba maƙwabci aron laya. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin juriya. Shekara tamanin ke nan, ga shi muna gani.

A nan akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu. Mutane kan ce wane jikinsa ya saba da magani. Ƙwayar cutar ce ta saba, kuma ita ba ta zama a jiki ɗaya. Tana bin hannu da buta da rijiya da kwata ta isa ga jaririn da bai taɓa shan magani ba a rayuwarsa.

Idan mai dafi ta sha tauri

Da can likitoci suna da ɗan abin lallashin kai. Ƙwayoyin da suka fi tauri galibi na asibiti ne, masu kama wanda ya riga ya galabaita, su kuma masu tsananin dafi galibi suna jin magani. Wannan rabo ya fara rushewa.

Misali mafi bayyana shi ne Klebsiella. A tsakiyar shekarun 1980 likitoci a Taiwan suka fara ganin wani nau'inta mai tsananin dafi, wanda ke tara ruwan mugunya a hantar mutum mai ƙoshin lafiya, ya wuce ido ko ƙwaƙwalwa. Amma yana jin magani. A wani gefen kuma, a 2008 aka gano wani sinadari da aka sa wa suna NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, sinadarin da ke karya magungunan kabafenem, waɗanda ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. A 2016, a wani asibiti da ke Hangzhou ta ƙasar Sin, aka samu Klebsiella da ta haɗa dafin da taurin, ta kashe majinyata biyar a sashen kulawa ta musamman. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar gargaɗi: cikin ƙasashe 43 da suka ba ta bayani, 16 sun ga wannan nau'i mai tsananin dafi, har da Aljeriya a nahiyarmu.

Mai karatu zai ce to ai ba a ambaci Kamaru ba. Sai mu tuna wani bincike da aka fitar a 2022 a ƙasashen Afirka 14, da Kamaru da Nijeriya a ciki: daga ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari kacal ke iya shuka bakteriya su gane ta. Inda babu fitila ba a cewa babu maciji. Douala kuma tashar jiragen ruwa ce, da filin jirgin sama, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga Dubai da Guangzhou da Kano, da majinyatanmu masu zuwa Indiya da Masar neman lafiya, da alhazai duk shekara. Ƙwayar cuta ba ta neman biza.

Yadda muke dafa musu taurin da hannunmu

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai hanyoyi aƙalla biyar da muke ciyar da wannan matsala a unguwanninmu.

Ta farko, maganin bakin titi. Babu ɗan Douala da bai san Gazon ba a Babbar Kasuwa, inda ake baje magunguna kamar tumatir, ga kuma masu tebur a kowane lungu da masu yawo da su a faranti. Mutum ya faɗi abin da ke damunsa, a haɗa masa ƙwayoyi huɗu ko biyar na faran ɗari biyu ko uku, a ciki har da antibayotik ƙwaya biyu. Ƙwaya biyu ba sa kashe cuta, horar da ita suke yi. Sannan maganin ya sha rana da laimar Douala, ƙarfinsa ya ragu, in ma na gaske ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Ma'aikatar Lafiya ƙarƙashin Minista Manaouda Malachie ta sha shelanta yaƙi da wannan kasuwa tun 2019, ana kamawa ana ƙonawa, teburan kuma suna dawowa. Dalilin a fili yake: talaka yana zuwa can ne saboda kuɗin ganin likita da na gwaji da na farmasi sun fi ƙarfinsa. Duk yaƙin da bai taɓa wannan dalili ba, kamun kifi ne da kwando mai huji.

Ta biyu, maganar "maleriya da taifod". Kusan duk mai zazzaɓi a garin nan da wannan hukunci yake komawa gida. Gwajin Widal da aka dogara da shi yana auna martanin jiki ne kawai, kuma yana iya nuna alama ga wanda ya yi taifod shekarun baya ko wanda ke da wata cuta daban. Tabbacin taifod yana samuwa ne ta shuka jini a ɗakin gwaji. Sakamakon haka dubban mutane na shan sifro ko karɓar seftiriyazon a kan cutar da ba su da ita. Mu dubi Pakistan mu ɗauki darasi: a 2016 a birnin Hyderabad na lardin Sindh aka samu taifod da ta bijire wa magungunan farko duka, da dangin sifro, da seftiriyazon, har ya zama azitiromaisin ne kusan kaɗai abin haɗiya da ya rage. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta uku, yanke magani. Likita ya rubuta na kwana bakwai, mai gida ya sayi na kwana uku don iyakar abin da ke aljihunsa ke nan, ko a ji sauƙi a ajiye ragowar don wani yaron. A watan azumi kuma wasu kan haɗe maganin da aka ce a sha kowace awa takwas su sha shi tsakanin buɗa-baki da sahur, ƙwayar cuta ta samu yini guda tana hutawa. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, kuma likita na iya sauya masa magani zuwa wanda ake sha sau ɗaya ko biyu idan an tambaye shi.

Ta huɗu, dabbobi. Mu ne masu fataucin shanu daga Adamawa zuwa mayankar Bonaberi, mu ne mahauta, mu ne masu tsire. Mun san yadda ake sayen kwalbar oksitetirasaikilin a yi wa sa allura don ya jure hanya, a yanka shi kafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Mun san yadda masu kiwon kaji ke zuba magani a ruwan sha don kaji su yi saurin girma. A 2015 a ƙasar Sin aka gano ƙwayar gado mai suna mcr-1, mai karya kolistin, ɗaya daga magungunan ƙarshe na ɗan Adam, kuma a jikin dabbobin gona aka fara ganin ta. Abin da aka zuba wa garke, a tukunya yake ƙarewa.

Ta biyar, ruwa da kwata. New Bell unguwa ce mai cunkoso a ƙasa mai dausayi, rijiya kusa da masai, damina kuma in ta yi ƙarfi sai ambaliya ta haɗe su. Duk gudawa ɗaya da ruwa mai tsabta zai hana, kwalin magani ɗaya ne da ba za a sha ba.

Abin da kwalara ta koya mana

Manyanmu ba su manta 2004 ba, lokacin da kwalara ta kwantar da mutum sama da 5,000 a Douala cikin watanni kaɗan. Gwajin da aka yi a lokacin ya nuna ƙwayar ta riga ta daina jin Bactrim, maganin da kowa ke saye don gudawa, sai doksisaikilin aka koma wa. A Maris 2022 cutar ta sake shiga har gidan kurkukun New Bell ta kashe fursunoni. Yau kuma akwai wani nau'in kwalara da ya ɓulla a Yaman wajen 2018 mai bijire wa magunguna da dama a lokaci guda, masu bincike na Cibiyar Pasteur ta Faris sun bi sawunsa zuwa Labanan da Kenya, har tsibiran Komoros da Mayotte a 2024.

Sai dai kwalara ta zo da wani darasi mai faranta rai. Ƙwayarta ba ta shiga jini. Tana zama a hanji ta saki gubar da ke sa jiki ya zubar da ruwansa, rashin ruwan ne ke kisa. Da masana a Dhaka da Kolkata suka gane haka a shekarun 1960, sai suka haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda likita Dilip Mahalanabis ya gwada a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971, mace-mace suka faɗi ƙasa warwas. Wannan ruwa ba ya kashe ƙwaya ko ɗaya. Ɓarnar dafin yake gyarawa har jiki ya kori cutar da kansa, don haka babu ƙwayar da za ta iya shan tauri a kansa. A kan irin wannan tunani ne wani sashe na binciken zamani ya ginu.

Me ya sa sabon magani ke jinkiri?

Wani zai ce, ai Turawa za su ƙera sabo. Gaskiyar ita ce rijiyar ta ja baya. Yawancin dangogin antibayotik da muke amfani da su an gano su ne tsakanin shekarun 1940 da 1960. Fitar da sabon magani na cin shekara 10 zuwa 15 da kuɗi masu yawan gaske, kuma idan ya fito, likitocin kirki za su kulle shi a kabad sai ranar tsanani. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son hajar da ake ɓoyewa. Kamfanin Achaogen na Amurka ya samu izinin sayar da sabon maganinsa a Yunin 2018, kafin ƙarshen Afrilun 2019 ya karye. Shi ya sa Ingila ta fito da wata dabara a 2022: tana biyan kamfani kuɗi tsayayye duk shekara don maganin ya kasance a ajiye, ko an sha da yawa ko kaɗan, kamar yadda ake biyan mai gadi ko ɓarawo bai zo ba.

Duk da haka akwai motsi. A Maris 2025 Amurka ta amince da gefotidasin don ciwon mafitsara, wanda ke kama ƙwayar ta wata hanya sabuwa. Ƙungiyar GARDP mai zama a Janiba, wadda ba ta neman riba, ta gwada zoliflodasin don ciwon sanyi a ƙasashe biyar, da Afirka ta Kudu a ciki, ta sanar da nasara a 2023. Kamfanin Roche da Jami'ar Harvard sun bayyana zosurabalfin a farkon 2024 don wata muguwar ƙwayar asibiti, ana kan gwajinsa. A 2020 masana a cibiyar MIT suka sa kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira ta tace dubban sinadarai ta fito da wanda suka kira halisin. Amma kowane sabon mai kisa, ranar da aka fara amfani da shi ita ce ranar da ƙwayoyi suka fara koyon kauce masa.

Don haka wasu masanan suka ce, maimakon a kashe maciji, a cire masa haƙori. Idan aka toshe gubar ƙwaya, ko aka hana ta maƙalewa, ko aka rikita saƙon da ƙwayoyi ke aika wa juna kafin su kai farmaki tare, sojojin jiki za su ƙarasa aikin. Fatan shi ne, tunda ba a yi wa rayuwarta barazana kai tsaye ba, taurin zai yi jinkirin zuwa, kuma ƙwayoyi masu amfani da ke hanjinmu za su tsira. Dabarar tsohuwa ce a asalinta. Tun 1890 Emil von Behring ya samar da makarin gubar mashaƙo, kuma har yau, a annobar mashaƙon da ta tashi a Kano daga ƙarshen 2022 ta taɓa Damagaram, wannan makari ne ke ceton yaro daga gubar da ke lalata zuciya, antibayotik yana kashe ƙwayar ne kawai. Ƙarancinsa a duniya, don kamfanoni kaɗan ke yin sa daga jinin dawaki, ya ƙara wa annobar nauyi.

Hanyar tana da wuyarta. Dole a san ainihin ƙwayar kafin a ba da makarin dafinta, wanda ke mayar da mu ga matsalar ɗakunan gwaji. Kuma tana da tsada: wani makarin guba na cutar hanji da aka amince da shi a Amurka a 2016, kamfaninsa ya daina yin sa a farkon 2025. Akwai kuma hanya ta uku, wato amfani da wasu bairos masu cin bakteriya, waɗanda Félix d'Hérelle ya bayyana a 1917, kuma Cibiyar Eliava da ke Tibilisi ta Jojiya ke jinya da su tun 1923. Yanzu duniya ta sake waiwayarsu.

Wadda ta fi duka araha da tabbas ita ce allurar rigakafi. Rigakafin mashaƙo da na tetanus ba komai ba ne illa koya wa jiki ya gane gubar tun kafin ta zo. Rigakafin sanƙarau da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ya kusan shafe nau'in da ya daɗe yana yi wa ƙasar Hausa ɓarna duk bazara. Akwai sabon rigakafin taifod da Pakistan ta fara bai wa yaranta a 2019, Laberiya da Zimbabuwe suka bi a 2021. Cutar da ba ta kama ka ba, ba ta buƙatar magani.

Gwaji da amana

Sabon magani ba ya tabbata sai an gwada shi a jikin mutane, kuma idan ba a gwada shi a kan ƙwayoyin da ke yawo a wurinmu ba, za a kawo mana abin da aka auna da ciwon wasu. A nan al'ummarmu tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada antibayotik mai suna Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A nan Douala ma, a Fabrairun 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin tenofobir bayan ƙorafi kan haƙƙin matan da aka sa a ciki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma akwai ɗaya fuskar. Tarin fuka mai bijire wa magani da can jinyarsa na kai wa shekara biyu. Likitocin Kamaru ƙarƙashin Farfesa Christopher Kuaban suka gwada gajeren tsari na wata 12 a kan majinyata 150, kusan kashi 89 cikin ɗari suka warke. Wannan aiki, tare da irinsa a Bangaladash da Nijar, yana cikin hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsari a 2016, kafin a kai ga na wata shida a ƙarshen 2022. Ga bincike da aka yi a ƙasarmu, duniya ta amfana. Matsayin da ya dace da mu shi ne mu karɓi gwaji da sharuɗɗa: a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya yarda ba tare da tilas ko ruɗi ba, kwamitin ɗa'a na ƙasa ya sa hannu, a ɗauki nauyin wanda ya cutu, kuma idan maganin ya yi nasara ya iso gare mu a farashin da za mu iya.

Kada kuma a fahimce mu da cewa antibayotik abin gudu ne. A Afirka yaran da ke mutuwa don ba su samu maganin ba suna da yawan gaske. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna raba azitiromaisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara a jihar Dosso ta Nijar ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin ɗari, ko da yake an ga juriyar ƙwayoyi ta ƙaru a garuruwan. Abin nema shi ne maganin da ya dace, ga wanda ya dace, a ƙimar da ta dace.

Rabon da ya hau kanmu

A Satumbar 2024 shugabannin duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan matsala da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Kamaru ma ta rubuta tsarinta na ƙasa tun 2018. Haƙƙinmu ne mu tambayi hukuma: ina gwajin shuka ƙwaya da antibiyogaram mai rangwame a asibitin gundumar New Bell da Laquintinie, don kada sai mai hali kaɗai ya san maganin da zai yi masa aiki? Ina ƙarfafa LANACOME don ta riƙa auna abin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa? Ina famfo da gyaran magudanai?

Sauran kuwa a hannunmu yake. Ga mai gida da uwar gida: zazzaɓi a fara da gwajin maleriya, mura a ba ta ruwa da hutu, gudawar yaro a fara da ruwan gishiri da sukari da zinki, a garzaya asibiti in an ga jini ko yaro ya galabaita ko numfashinsa ya yi sauri. Jariri sabon haihuwa mai zazzaɓi ko ƙin nono ba a ɗiga masa komai a gida, asibiti ake kai shi nan take. Abin da likita ya rubuta a sha shi yadda ya ce, zuwa ranar da ya ce, kada a raba da maƙwabci.

Ga 'yan'uwanmu masu sayar da magani a tebur: mun san neman halali ne ya fito da ku, amma ku auna. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa cinikin da ke jawo wa jama'a cuta ba ya halatta don kawai mai saye ya yarda, kuma a nan wanda zai cutu har da wanda bai zo teburinka ba. Mafi ƙarancin abin da za ku yi shi ne ku cire antibayotik da allurai daga hajarku. Haka mahauci da mai kiwo: dabbar da aka yi wa allura a jira kwanakinta su cika kafin yanka ko tatsa, ɓoye wannan ga mai saye algus ne.

Ga kwamitocin masallatai: da yawa daga masu yanke magani talauci ne ya yanke musu. Asusun da zai cika wa mara lafiya kuɗin gwaji da cikakken magani yana cikin mafi alherin inda sadaka za ta je. A sa sabulu a wuraren alwala da bayan gida na masallatai da makarantun allo da Islamiyyu, a duba tazarar rijiya da masai. Daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara mako ne na faɗakarwa a kan wannan batu a duniya, limamai na iya gayyato likita ko ma'aikacin farmasi daga cikin 'ya'yanmu ya yi bayani bayan sallah.

Ga ɗalibai kuma: ƙasar da ɗakunan gwajinta ba sa iya gane ƙwayar cuta tana buƙatar masu ilimin ƙananan halittu da haɗa magunguna da likitancin dabbobi. Irin wannan ilimi farilla ce ta wadatarwa, idan babu mai yin sa a cikin al'umma, nauyin yana kan kowa. Jami'ar Douala tana da tsangayar likitanci da haɗa magunguna a nan kusa da mu, kuma muna son mu ga 'ya'yan New Bell, maza da mata, a cikinta.

Kakanninmu sun rayu a zamanin da ƙaramin rauni ko haihuwa ko ciwon haƙarƙari ke kai mutum kabari. Antibayotik ni'ima ce da aka ba mutanen ƙarni ɗaya kacal, kuma tana ƙarewa gwargwadon yadda aka yi wasa da ita. Ko jikokinmu za su same ta da sauran kaifi, ya danganta da abin da za mu yi gobe da safe idan yaro ya tashi da zazzaɓi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Allah ne Mafi sani.